Ron Carter da sirrin bes a kiɗan jaz

A shekarar 2015 kundin bajinta na Guinness ya ƙirga faya-fayan da Ron Carter ya kaɗa bes a cikinsu, aka samu 2,221, kuma bai daina shiga situdiyo ba tun daga lokacin. Ba a taɓa samun mai bes na jaz da aka naɗi kiɗansa haka ba. Abin tambaya shi ne me ya sa manyan makaɗa, kowa da irin salonsa, suka yi shekara sittin suna neman mutum ɗaya ya tsaya a bayansu. Wasu sun fi shi saurin yatsa. Abin da ya fi su shi ne zaɓen sautin da zai sa a ƙarƙashin kiɗa, da sanin tsawon da zai bar sautin ya yi kafin ya sake shi. Ba za a gane wannan ba sai an fara sanin kayan kiɗan da kansa.

Bes ɗin da ake magana a kai shi ne babban nan na katako da ake kafawa a ƙasa a kaɗa a tsaye, tsayinsa ya kusa santimita 180. Tsirkiya huɗu gare shi, E, A, D da G, wato sunayen sautukansu a kiɗan Turawa, daga mafi kauri zuwa mafi siriri. Ta E tana karkarwa kimanin sau 41 a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa mutum ke jin ta a ƙirji kafin kunne ya tantance ta, kuma shi ya sa lasifikar waya ke haɗiye ta. Tsawon tsirkiya daga wuya zuwa jaki kusan santimita 105 ne. Jakin ba a manne shi da gam, nauyin tsirkiyoyi ne ke danne shi a kan cikin bes ɗin. Can ciki kuma akwai wani ɗan sanda da ke tsaye tsakanin katakon gaba da na baya, shi ke kai karkarwa daga wannan zuwa wancan, shi ma matsi ne kawai ke riƙe da shi. Duk wanda ya kwance tsirkiya huɗu lokaci guda don ya sauya su, sandan nan na iya faɗuwa, sai an nemi magyari. Ɗaya bayan ɗaya ake sauyawa.

Wuyan bes ba shi da layukan ƙarfe irin na jita. Kamar mai goge, kunne da sabon hannu ne ke gaya wa makaɗi inda zai danna. A ƙasan wuya, tazarar rabin taki, wato mafi ƙanƙantar tazara tsakanin sauti biyu a kiɗan Turawa, ta kai kusan santimita 6. A tsakiyar tsirkiya ta koma ƙasa da 3. Ke nan idan yatsa ya zame da rabin santimita a can sama, an kauce da kashi ɗaya cikin shida na rabin taki, kuma mai piyano zai ɗago kai. Saboda faɗin tazarar ƙasa, yatsu uku ake dannawa da su a wurin, manuni da na tsakiya da ƙarami, na kusa da ƙarami yana tallafa masa. Hannu ɗaya a buɗe taki guda kawai yake rufewa, kimanin santimita 11. Sauran duk sai an ja hannu sama ko ƙasa, kuma a wurin jan nan ake yawan kuskure.

An haifi Carter ranar 4 ga Mayu 1937 a Ferndale, jihar Michigan, kusa da Detroit. Da celo ya fara yana ɗan shekara goma, ƙanen bes ne da ake gogawa a zaune, kuma burinsa kiɗan gargajiyar Turai ne a babbar okestira, wato ƙungiyar makaɗa masu yawa. A makarantar Cass Technical ta Detroit ya koma bes. Ya sha bayyana dalili: ya lura idan aikin kiɗa ya samu a wajen makaranta fararen yara ake kira, shi ba a kiran sa, sai ya ɗauki kayan da babu mai kaɗa shi don a rasa yadda za a tsallake shi. Ya gama makarantar kiɗa ta Eastman a Rochester a 1959, ya yi digiri na biyu a makarantar kiɗa ta Manhattan a 1961. Da ƙyar ƙofar okestira ke buɗe wa baƙar fata a Amurkar wancan zamani. Ya faɗi cewa mashahurin jagoran okestira Leopold Stokowski ya yaba masa, amma ya gaya masa masu riƙe da okestirarsa a Houston ba su shirya ɗaukar baƙi ba. Abin takaici ne, kuma bai kamata nasarar da ya samu daga baya ta rufe shi ba.

Ya isa New York a 1959, ya fara da ƙungiyar mai ganga Chico Hamilton. A 1960 ya kaɗa celo a faifan Eric Dolphy mai suna Out There, a 1961 ya fitar da nasa na farko, Where?. Ya zo da abin da yawancin masu bes na jaz ba su da shi a lokacin: karatun rubutaccen kiɗa nan take, da ilimin yadda sautuka ke haɗuwa.

Babban aikin mai bes a jaz shi ne abin da makaɗa ke kira tafiya. Kiɗan yana rabe gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa bugu huɗu, mai bes kuma yana sa sauti ɗaya a kan kowane bugu. Salon bulus mai gaɓa 12 sauti 48 ne a zagaye ɗaya, waƙa mai gaɓa 32 kuma 128. Idan ana gudu a kan bugu 240 a minti, sauti huɗu ke nan a daƙiƙa, kiɗan minti goma ya ci sauti 2,400. Babu wanda ya rubuta masa su. Abin da ke hannunsa jerin kod ne, wato sautuka uku ko huɗu da ake haɗawa lokaci guda, kowane da tushensa. Walter Page ya daidaita wannan tafiya a ƙungiyar Count Basie, Jimmy Blanton ya buɗe ta a wajen Duke Ellington tsakanin 1939 da 1941, sannan Oscar Pettiford da Ray Brown da Paul Chambers suka ɗora.

Ga yadda ake gina ta. A bugu na farko a sa tushen kod, don kowa ya san inda ake. A na biyu da na uku a ɗauko daga cikin sautukan kod ɗin. A na huɗu a sa sautin da ke maƙwabtaka da tushen kod mai zuwa, rabin taki sama ko ƙasa da shi, don kunne ya ji an nufi wani wuri. A ɗauki jerin da ya fi yawa a jaz, kod na D sai na G sai na C. Mai bes zai iya kaɗa D, F, A, A♭, ya sauka kan G, sannan B, D, D♭, ya sauka kan C. Alamar ♭ tana nufin an sauko da rabin taki. A♭ da D♭ ɗin nan ba sa cikin kod ɗin da ake kai, baƙi ne, amma da yake sun faɗo a bugu na huɗu kuma nan take suka zame cikin tushe, daɗi suke ƙarawa. A sa su a bugu na farko a tsaya a kansu, sai su zama kuskure.

Wannan kowane ɗalibi yana koyon sa a shekararsa ta farko. Inda Carter ya bambanta shi ne bai ɗauki sa tushe a bugun farko a matsayin dole ba, domin ya san sautin da ke ƙasa shi ke raɗa wa kod suna. Misali, mai piyano ya danna E, G, B, D. Idan bes ya sa C a ƙarƙashi, kod ne na C mai haske da natsuwa. Idan ya sa E, ya koma kod na E mai ɗan duhu. Idan ya sa A, sai kod ɗin ya rataye, bai zauna ba, yana jiran a warware shi. Hannun mai piyano bai motsa ba, amma launin kiɗan ya sauya sau uku. Mai busa da ke fage yana jin wannan, kuma abin da zai busa a gaba ya dogara da shi. Wato mutumin da ke tsaye a baya shi ke juya akalar. Carter yakan tsara inda yake so layinsa ya kai tun gaɓa huɗu ko takwas kafin a isa, ya gangaro a hankali daga saman wuya zuwa ƙasa, ta yadda ko an cire sauran kayan kiɗa, layin bes ɗin kaɗai kari ne da za a iya rerawa.

Abu na biyu shi ne tsawon sauti. Sabon makaɗi yana fizgar tsirkiya ya ɗaga yatsan hagu da wuri don ya shirya wa na gaba, sai a sami ɗan rami tsakanin sauti da sauti, tafiyar ta zama tsalle-tsalle. Carter yana danne tsirkiya har sai daidai lokacin da na gaba zai fito, sautukan suna haɗe kamar zare. Wannan aikin hannun hagu ne, kuma yana buƙatar nauyin hannu daga kafaɗa. Wanda ya matse wuya da babban yatsa, kafin kiɗa biyu hannunsa ya ƙage. Hannun dama kuma da gefen manuni ake ja, tsokar yatsa mai yawa tana kan tsirkiya, kusa da ƙarshen allon dannawa, a ja har yatsa ya sauka kan tsirkiya ta gaba. Wanda ya tsinka da bakin yatsa yana ɗaga tsirkiya sama, ƙara zai samu ba kauri.

Tsirkiya ma tana da nata. Na hanjin dabba da su Chambers suka yi amfani da su suna da dukan farko mai ƙarfi, amma sautin yana mutuwa da wuri, kuma sai an ɗaga su nesa da allo. Na ƙarfe da suka yaɗu daga wajen 1960 suna jan sauti, suna yarda a sauko da su, kimanin milimita 6 a tsirkiyar G da 9 a ta E idan aka auna a ƙarshen allo. A sauko fiye da kima, yatsa ya ji daɗi amma bes ya rasa murya, tsirkiya ta riƙa dukan allo. Carter ya daɗe yana amfani da tsirkiyar La Bella mai naɗin baƙin nailan, kuma bes ɗinsa yana da ƙarin sanda a saman wuya da ke tsawaita tsirkiyar E ta sauka har C, wajen karkarwa 33 a daƙiƙa. Idan ka ji wani sauti mai zurfin gaske ya faɗo a ƙarshen jimla a faifansa, daga nan yake.

A 1963 mashahurin mai busa ƙaho Miles Davis ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsa ya maye gurbin Paul Chambers, wanda shi ma ɗan Cass Technical ne. Tare da shi akwai Herbie Hancock a piyano da Tony Williams a ganguna, yaro ɗan shekara 17. George Coleman ne ke busa saksofon da farko, Wayne Shorter ya karɓa a 1964. Shekara biyar ɗin da suka yi tare, zuwa 1968, su ne zuciyar tarihin Carter, kuma a ganinmu nan ne aka fi jin amfanin duk abin da aka bayyana a sama. Williams yana farfasa bugu yadda ya ga dama, Hancock yakan bar tushen kod gaba ɗaya, wani lokaci ma ya ɗauke hannun hagu. Dole wani ya riƙe lissafi ba tare da ya daskarar da kiɗan ba.

A saurari So What a faifan Four & More, wanda aka naɗa a zauren Philharmonic na New York ranar 12 ga Fabrairu 1964, a wani wasan tara kuɗi don rajistar baƙaƙen fata masu zaɓe a kudancin Amurka. Gudun ya kusa ninka na asalin da aka naɗa a 1959. Tsarin kiɗan gaɓa 32 ne: 16 a kan D, 8 a kan E♭, 8 a kan D. A ido kamar sauƙi, kod biyu kacal. Wahalar ita ce gaɓa 16 a kan kod ɗaya sauti 64 ne, kuma babu sauyin kod da zai ba ka abin faɗa. Ga kuma tarko: takwas ɗin ƙarshe suna haɗuwa da sha shidan farko na zagaye mai zuwa, a yi gaɓa 24 a jere a kan D. A nan ƙungiyoyi ke ɓacewa, wani ya hau E♭ da wuri da gaɓa takwas. Carter yana raba tafiyar jimla-jimla, yana sa D mai nauyi a farkon kowace takwas, kuma kafin a hau E♭ yana nuna hanya da sautin maƙwabtaka, ta yadda ko Williams ya juya bugu, kowa ya san gida.

A Footprints na faifan Miles Smiles, wanda aka naɗa a Oktoban 1966, ba ya tafiya ma sam a farko. Ɗan gajeren kari yake maimaitawa, C, G, C, E♭, ya ɗaga shi zuwa F idan kod ya sauya, ya dawo. Kiɗan bulus ne mai gaɓa 12 da ake ƙirgawa shida-shida. Can sai Williams ya koma ƙirga huɗu a cikin tsawon lokacin da shida ke ci, Carter ya sake rarraba sautukansa su dace da sabon bugun, amma farkon kowace gaɓa yana nan inda yake. Kunnen da ya saba da kiɗan Afirka ta Yamma, inda uku ke hawa kan biyu, zai kama wannan da sauri fiye da wanda ya koya daga takarda. Abin da ke lalata shi a hannun masu koyo shi ne su ɗauka gudun ne ya sauya, sai su ƙara sauri, zagayen ya gajarce.

A Nefertiti na 1967 an juya aikin gaba ɗaya: masu busa suna maimaita kari ɗaya daga farko har ƙarshe, bes da ganguna da piyano ne ke ƙirƙira a ƙarƙashi. Carter ya kuma rubuta wa ƙungiyar kiɗa, har da R.J. da Eighty-One a faifan E.S.P. na 1965. A shekarun nan dai shi ne a Maiden Voyage na Hancock, da Speak No Evil na Shorter, da The Real McCoy na McCoy Tyner.

Akwai wasu 'yan dabaru da aka san shi da su. Yakan tsaya a kan sauti ɗaya gaɓa da yawa alhali kod na sauyawa a sama, matsi ya taru, sannan ya saki tafiya. Yakan sa 'yan sautuka uku masu sauri su gangaro kafin bugu, kamar mai tafiya ya yi ɗan tuntuɓe ya daidaita. Yakan kuma ja yatsa a kan tsirkiya daga sauti zuwa sauti ba tare da ya ɗaga ba. Masu kwaikwayonsa sun fi ɗaukar waɗannan don su ne ke fitowa fili, su cika kowace gaɓa da su, bugu ya yi rauni. A wajensa gangarowar tana ƙarewa daidai kan bugu, kuma takan zo ne inda mai busa ya ja numfashi.

Maganar bugu kuwa, kuskuren da ya fi yawa shi ne gudu idan layi ya hau sama, da ja baya idan hannu ya gaji. Maganin da malamai ke bayarwa shi ne a saita na'urar ƙirga bugu a kan 60, a ɗauki kowane ƙyas a matsayin bugu na biyu da na huɗu, a yi tafiya a kan 120. Na farko da na uku kai ne za ka samar da su. A naɗi kai a waya a saurara, domin kunne ba ya jin laifinsa yana cikin kaɗawa.

Ya bar Miles a 1968, lokacin da kiɗan ya karkata ga kayan lantarki da yawan tafiye-tafiye, Dave Holland ya gaje shi. Ya taɓa bes na lantarki a Miles in the Sky da wasu ayyukan situdiyo, daga baya ya ajiye shi. Tun kafin ya bar Miles ma ya fara zama na kowa: Wave na Antônio Carlos Jobim ɗan Birazil a 1967, First Take na Roberta Flack a 1969, Red Clay na Freddie Hubbard a 1970, Pieces of a Man na Gil Scott-Heron a 1971, da tarin faya-fayan kamfanin CTI. A 1991 'yan rap na A Tribe Called Quest suka gayyace shi faifansu The Low End Theory, ya yarda bisa sharaɗin babu ashar a waƙar.

Gaskiya sautin bes ɗinsa a yawancin faya-fayan shekarun 1970 bai kai na baya ba. A lokacin an saba manna ɗan na'urar ɗaukar sauti a jikin jaki a kai waya kai tsaye cikin na'urar naɗa. Na'urar tana jin tsirkiya, ba ta jin katako da iskar da ke cikin bes, sai sautin ya fito siriri kamar ana jan roba, kuma duk ɗan kaucewar yatsa ya bayyana. Haka ma ƙaramin bes da ya sa aka yi masa, wanda ake ɗaurewa A, D, G, C, sama da na kullum, don ya riƙa jan kari a gaba wani mai bes na riƙe ƙasa, kamar a faifan Piccolo na 1977. Tunanin mai kyau ne, amma a can sama tazarar sautuka ƙarama ce, kuma ba kowane lokaci yake faɗawa daidai ba. Wanda ke son jin sa a fili ba tare da wannan matsala ta dame shi ba, ya nemi Alone Together na 1972, shi da mai jita Jim Hall su biyu rak, babu ganga, bugu da tushe duk suna wuyansa.

Ya koyar kusan shekara ashirin a City College na New York, ya shiga makarantar Juilliard a 2008, ya kuma rubuta littattafan koyon gina layin bes. Ya ci Grammy uku, na baya-bayan nan a 2022 da faifan Skyline, tare da Gonzalo Rubalcaba da Jack DeJohnette. Ƙungiyarsa ta mutum uku, Golden Striker, wadda ya fara da Mulgrew Miller a piyano da Russell Malone a jita, ita ma ba ta da mai ganga.

Mai son ya horar da kunnensa ya sa abin sauraro mai rufe kunne, ya zaɓi kiɗa ɗaya, ya ji shi sau uku. A na farko ya ƙirga gaɓa har ya gane inda zagaye ke komawa. A na biyu ya bi bes kaɗai, ya lura da bugun farko na kowace gaɓa, ko tushe aka sa ko wani sauti. A na uku ya koma kan mai busa, ya ji abin da yake yi a gaɓa biyun da ke bin duk inda Carter ya ƙi sa tushe.